Me ake nufi da "janareshan" a wajen sayen laftof?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon masu sayar da kwamfuta a Katsina, ko a kan titin IBB ko ta wajen Ƙofar Ƙaura, ya ji wannan kalma. Mai saye ya shigo da ƙarfinsa ya ce Core i7 yake so, mai shago ya ce masa, "Wane janareshan, Alhaji?" Sai a yi shiru. A cikin wannan shirun kuɗin mutane da yawa ke salwanta, shi ya sa na ga ya kamata a warware kalmar.

Asalinta Turanci ce, ma'anarta tsara, kamar yadda ake da tsarar kakanni, ta iyaye da ta jikoki. A harkar kwamfuta, abin da ya fi kusa da ita a Hausa shi ne zubi. Cikin kowace laftof akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin da na'urar ke gudana a kansa. Kamfanin Intel na Amurka, wanda furosesarsa ce ke cikin yawancin laftof ɗin da ake kawo mana, yakan fito da sabon zubi kusan kowace shekara. Ya fara fitar da furosesar da ya sa wa suna Core i7 a ƙarshen 2008, i5 a 2009, i3 a farkon 2010. Zubi na biyu ya zo a 2011, na huɗu a 2013, na shida a 2015, na takwas a 2017, na sha ɗaya a 2020. A kowane zubi akwai i3, akwai i5, akwai i7. Ke nan waɗannan sunaye matsayi kawai suke nunawa tsakanin 'yan zubi ɗaya: i7 ya fi i5 ɗin da aka haife su tare. Ba su ce komai ba game da wanda aka haifa shekara shida bayansa.

Mutanenmu sun san wannan a wani fannin. Wanda ya je kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ko ta Charanci sayen doki ba ya tsayawa ga cewar dillali ingarma ne. Yakan buɗe bakin dokin ya dubi haƙora, don ingarman da ya tsufa ba ya sukuwa da matashi. Lambar da ke bin sunan furosesa ita ce haƙoran.

Ga yadda ake karanta ta. Bayan i5 ko i7 akwai ɗan layi, sai lambobi. Idan ka ga i7-2620M, lambar farko 2 ce, zubi na biyu ke nan, na 2011. Idan i5-8250U ce, zubi na takwas. Daga na goma abin ya koma lamba biyu: i5-10210U na goma ne, i5-1135G7 na sha ɗaya, i5-1235U na sha biyu. Idan kuwa lambobin uku ne kacal, kamar i5-520M, to wannan zubin farko ne, ya haura shekara goma sha huɗu a duniya.

Abin da ya sa nake jin zafin wannan magana, a gidanmu ta faru. Ɗan yayata ya samu gurbin karatu a jami'a, uwarsa ta kwashi adashinta sukutum ta ba shi ya sayi laftof. Da yamma ya shigo wurina yana murna, ya ce, "Kawu, i7 na samo, kuma mai shagon ya rage mini sosai." Na buɗe na duba lambar, sai ga 2620M. Na'ura ce mai nauyi, mai kauri, wadda a zamaninta ma'aikatan manyan kamfanoni ke alfahari da ita. Amma da kuɗin da ya biya, da ɗan ciko kaɗan, da i5 ta zubi na takwas zai ɗauko, wadda ta fi wannan gudu nesa ba kusa ba, ba ta zafi kamarta, batirinta kuma ya fi jimawa. Mai shagon bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba, i7 ce da gaske. Rabin gaskiyar ya faɗa ya riƙe rabi. Ban iya gaya wa yayata a ranar ba, don na san watannin da ta yi tana zubin adashin nan.

Na ambaci zubi na takwas sau biyu, kuma da dalili. A cikin furosesa akwai ƙwayoyin aiki, ka ɗauke su kamar ma'aikata a gona: biyu ba za su yi noman huɗu ba. Har zuwa zubi na bakwai, siraran laftof na ofis ƙwaya biyu suke da ita, ko da kuwa i7 ce. Misali i7-7500U biyu gare ta. Da zubi na takwas ya fito a 2017, sai i5-8250U ta zo da huɗu. Zubi ɗaya ne tsakaninsu, amma ƙaramar ta sabon zubi ta wuce babbar ta tsohon zubi, musamman idan an buɗe ayyuka da yawa lokaci guda. Wannan shi ne babban tsalle a cikin kayan hannu da ke cika shagunanmu, irin su HP EliteBook 840. Wadda aka rubuta wa G3 zubi na shida ce, G5 kuwa yawanci na takwas. A ido kusan kamarsu ɗaya, shi ya sa ake ruɗuwa.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a yau. Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, ya kuma gindaya sharaɗin cewa furosesar Intel ta kasance daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan da ya keɓe. Windows 10 kuma ya sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da ita. Na'urar ba za ta mutu ba saboda haka, za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ba za su riƙa zuwa ba. Ga wanda ke shiga asusun bankinsa ko yake ajiye bayanan kwastomomi a kwamfuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura, kuma tana aiki, amma ganin Windows 11 a allo ba shaida ba ce cewa zubin sabo ne. Lambar za ka duba.

Sai harafin da ke ƙarshen lambar, wanda a nan ne ainihin bambancin babbar laftof mai ƙarfi da ta ofis mai sauƙin kuɗi yake. Harafin U na nufin furosesar da aka yi don tattalin wuta, wajen watt 15 take ci. Harafin H na masu ƙarfi ne, wajen watt 45, kuma galibi ana haɗa su da katin hoto na daban, irin na Nvidia, a cikin na'urorin da matasa ke kira gemin laftof. Cajar ta ofis ba ta cika wuce watt 45 zuwa 65 ba, ta waɗancan kuwa takan kai 150 ko fiye. Wanda ke zaune a garin da wuta ba ta yankewa ba ruwansa da wannan lissafi. Mu a nan, ɗalibin da ke kai na'urarsa caji shago, ko mai ƙaramar sola a gida, dole ya yi shi. Mai H tana shanye batiri da wuri, fankarta ba ta hutawa, ga zafin bazara da ke kai maki 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata hanyar iska. Na ga samari sun zuba kuɗi mai yawa a irin wannan na'ura, alhali aikinsu bai wuce rubuta furojet a Microsoft Word da kallon darasi a YouTube ba. Sun sayi ƙarfin da ba za su taɓa amfani da shi ba, kuma kullum suna neman soket.

Ba ina cewa babbar ba ta da masu ita ba. Ɗalibin zanen gine-gine ko injiniyanci, a Kwalejin Hassan Usman Katsina ko a Jami'ar Sufuri ta Daura, wanda zai riƙa zane mai fuska uku, da mai tace bidiyon biki da na wa'azi a Adobe Premiere, waɗannan H ce tasu, kuma rowa a wurin sayenta asara ce, don lokacin da za su ɓata suna jiran na'ura ya fi kuɗin tsada. Amma malamin makaranta, ma'aikacin ofis, mai shagon buga takardu da ke aiki da CorelDRAW, ɗalibar da za ta yi lissafin bincikenta a SPSS, duk i5 mai U daga zubi na takwas zuwa sama ta ishe su har da saura.

Akwai kuma rami a ɗaya gefen. Wani don gudun kayan hannu sai ya ce shi sabuwa fil a kwali yake so, a miƙo masa mai Celeron, wato furosesar Intel mai arha, da ram (wurin da na'ura ke riƙe ayyukan da aka buɗe) gig 4 da ma'ajiya gig 64, sau da yawa duka a manne jikin allon na'urar, ba a iya ƙarawa. Shekarar ƙirarta sabuwa ce, amma matsayinta na can ƙasa da i3. A nan sabuntar zubi ba ta cece shi ba. Abu biyun tare ake dubawa, matsayi da zubi, kamar yadda ake duban irin doki da shekarunsa.

Ram da ma'ajiya zancensu gajere ne: kada ram ya gaza gig 8, ma'ajiya kuma ta zama SSD, wato sabuwar irin da babu abin da ke motsi a cikinta, ba tsohon faifai mai juyawa ba, don SSD mafi arha ta ninka shi gudu wajen sau huɗu ko biyar. Waɗannan biyun a yawancin na'urorin ofis ana iya canza su daga baya. Furosesa ce ba a canzawa a siraran laftof na yanzu, tana manne, da ita za ka zauna har ka rabu da na'urar. Masu furosesar Ryzen ta kamfanin AMD su ma suna da 3, 5 da 7 da nasu zubin, Intel kuma tun ƙarshen 2023 ya fara sabon suna, Core Ultra, babu harafin i, ya sake ƙirga daga farko. Kafin masu Core Ultra su cika kasuwar kayan hannu da sauran lokaci.

Kada ka dogara da sitikar da ke manne kusa da madannai, ana ɓare ta a liƙa wata. Ka ce a kunna maka na'urar, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, ka taɓa CPU. Cikakken sunan furosesar zai fito a sama ta hannun dama, a wurin kuma za ka ga yawan ƙwayoyin aiki, da ram, da irin ma'ajiyar. Minti ɗaya ya isa. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan, wasu ma da kansu suke buɗe maka.

Ta ɗan yayata kuwa, mai shagon ya ƙi karɓa. Muka cire tsohon faifan muka sa SSD, muka kai ram ɗin gig 8, muka sake batiri, ta ɗan farfaɗo, da ita yake karatu har yanzu. Bana da ƙanwarsa ta tashi sayen tata, shi ya raka ta. Ta dawo tana ba ni labari cewa mai shago na fara yabon wata i7, sai yayan nata ya jawo na'urar gabansa ya ce, "Malam, kunna mana mu ga lambar tukuna." Suka ga 4600U, suka ajiye, suka ɗauki i5-8350U.