Ziyolait wajen tsamo amoniyam daga gurɓataccen ruwa

Ziyolait ma'adini ne mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ana amfani da shi wajen tsamo amoniyam (NH₄⁺), wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, daga ruwan kwatami da na masana'antu. Amoniyam idan ya yi yawa a kogi ko tafki yakan yaɗa gansakuka, iskar oksijin ta ragu, kifaye su mutu.

Tarihi

Masanin ma'adinai ɗan ƙasar Siwidin, Axel Cronstedt, shi ya fara bayyana ziyolait a 1756. Sai dai tushen wannan aiki daga binciken ƙasar noma ya fito. A 1850, a Ingila, H. S. Thompson da J. Thomas Way suka nuna cewa idan aka zuba wa ƙasa ruwa mai amoniyam, sai ta riƙe shi ta saki kalsiyam a madadinsa. Wannan musanya ce har yau ginshiƙin fasahar. A shekarun 1940 Richard Barrer ya haɗa ziyolait a ɗakin gwaji. Wajejen farkon shekarun 1960 L. L. Ames ya gano cewa wani nau'i da ake haƙowa, kilinoptilolait, ya fi kama amoniyam a kan sodiyam da kalsiyam. Matatar ruwa ta Tahoe-Truckee a Kalifoniya ta fara aiki da shi, ga alama a ƙarshen shekarun 1970.

Hanyoyin ingantawa

Ƙarfin ziyolait yana ga alminiyam ɗin da ke jikinsa, domin kowane ɗaya yana samar da gurbin da amoniyam zai maƙale. Hanya mafi sauƙi, kuma wadda ta fi cancanta a fara da ita, ita ce jiƙa ziyolait ɗin a ruwan gishiri: sodiyam ya cike gurabun, shi kuwa ba ya gardama wajen ba amoniyam wuri. Da ruwan gishirin ake wanke shi idan ya ƙoshi. Asid mai ƙarfi yana buɗe ramukan, amma yana zare alminiyam, ƙarfin ya ragu. Ana kuma haɗa ziyolait daga tokar kwal.

Idan pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya haura kusan 9, yawancin amoniyam yakan koma amoniya, wadda ziyolait ba ya riƙewa.

Saɓani

Sakamakon ɗakin gwaji yakan fi na ainihin ruwan kwatami, inda fotashiyam da kalsiyam ke rububin gurabun. Game da gawayin tsirrai, wanda shi ma ake gwada shi wajen tsamo amoniyam, masana ba su daidaita kan ingancinsa ba.