Ciwon damuwa matsakaici: mai shi yana zuwa aiki, amma ba lafiya gare shi ba

Cikin masu fama da ciwon damuwa, waɗanda suka fi daɗewa ba su zo mana asibiti ba su ne masu matsakaicinsa. Wanda ciwon ya kwantar, 'yan uwa ne ke ɗauko shi. Shi kuwa wannan yana tashi, yana wanka, yana zuwa aiki, yana amsa gaisuwa da "lafiya lau", sai dai komai da ƙyar yake yi. Aikin awa ɗaya ya koma na yini. Abin da a da yake sa shi nishaɗi ya fita masa a rai. Wani barci ya ƙaurace masa, wani barcin ya yi yawa amma gajiya ba ta sake shi ba. Ga mantuwa, ga rashin son cin abinci, ga yawan ɗora wa kai laifi. Da yawa ma da kukan ciwon kai ko ciwon jiki suke zuwa, sai an zauna da su maganar ta fito.

Idan wannan hali ya kai mako 2 yana tare da mutum kusan kullum, ya wuce ɓacin ran yau da gobe. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na manya suna da ciwon damuwa, kuma ya fi kama mata, musamman masu ciki da masu jego. Ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Mai addu'a ya ci gaba da addu'arsa, ya kuma zo a duba shi.

A asibiti akwai wata takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9. Makinta daga 0 zuwa 27 ne, kuma 10 zuwa 14 shi ake ɗauka matsakaici. Takardar jagora ce kawai, hira da ma'aikacin lafiya ce ke tabbatarwa. Akan kuma duba jini, domin ƙarancin jini da matsalar thyroid (wani sashen jiki ne da ke gaban wuya) suna iya kawo irin wannan kasala.

Magani iri biyu ne: zaman tattaunawa da ƙwararre, da ƙwayoyi irin su fluoxetine ko sertraline, wani lokaci a haɗa su. A nan nake so ku saurare ni da kyau, domin a nan aka fi yin ɓarna. Ƙwayoyin nan sukan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ji sauƙi, alhali tashin zuciya ko ciwon kai na iya zuwa tun kwanakin farko. Sai mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya ajiye. Wani kuma da ya ji sauƙi sai ya daina. Ana so a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware, kuma idan za a bari a rage a hankali da sanin likita. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba ya barci amma yana jin ƙarfi fiye da ƙima, yana surutu da kashe kuɗi ba lissafi, ya faɗa wa likita tun farko, domin nasa maganin daban ne.

A gida kuwa, kada ka jira sai ranka ya so kafin ka motsa. A wannan ciwo motsin ne ke fara zuwa, son yin abu ya biyo baya. Zaɓi ƙaramin abu guda: tafiyar minti 20 da safe, ko kiran mutum ɗaya da ka yarda da shi. Riƙe lokacin kwanciya da na tashi. Giya da ƙwayoyin sa maye suna rufe damuwar na dare ɗaya, su ƙara ta washegari.

Ku kuma 'yan uwa, "ka yi haƙuri, kowa da tasa damuwar" ba ta taɓa warkar da kowa ba, sai dai ta sa mutum ya yi shiru. Ku zauna ku saurara ba tare da wa'azi ba, ku raka shi asibiti, ku tuna masa da magani da ranar komawa.

Idan kuka ji yana cewa gara ya mutu, ko ya zame muku kaya, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna, guba da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.