Waiwaye: Ina Windows 9 ta shige?

A Tip Toe Lane da ke Circle a Accra, inda samarin Nima da Mamobi ke sayar da wayoyi da kwamfutocin hannu, na ji wani dattijo yana ciniki. Yaron shago ya ce wannan Windows 10 ce a kanta, waccan 11. Dattijon ya ce, "To ɗana, ba ni mai 9, kuɗina ba su kai na 10 ba." Yaron ya yi murmushi: "Baba, ai ba a taɓa yin ta ba."

Gaskiyar yaron ce. Microsoft ya fara da ƙirge kamar kowa, daga Windows 1.0 a 1985 har 3.1 a 1992. Sai ya koma shekaru, aka yi 95 da 98 da 2000. Daga nan ya koma sunaye, XP a 2001, Vista a 2007. A 2009 kwatsam sai ga Windows 7, wadda a cikinta lambarta 6.1 ce, ba 7 ba. Windows 8 ma 6.2 ce. A 2015 aka tsallake 9 aka dira kan 10. Windows 11 ta 2021 kuwa, in ka tambaye ta lambarta ta ciki, har yau 10.0 take cewa. Ashe lambar da ke jikin kwali ta talla ce, injiniyoyi na da tasu daban.

Ita 10 ɗin ma ba guda ba ce. Akwai 1607, akwai 1909, wato shekara da wata, sai daga baya aka koma 21H2 da 22H2, wato rabi na biyu na 2021 da na 2022. Shi ya sa mai gyara ba ya yarda da bakin mai kaya, sai ya rubuta winver, umarnin da ke nuna lambar Windows ɗin da ke kan kwamfuta, ya gani da idonsa.

A waya ma haka. Google ya yi shekaru yana raɗa wa Android sunayen kayan zaƙi bisa jerin haruffa, su Cupcake, KitKat, Oreo, abincin da yawancinsa ba a san shi a Zango ba. A 2019 ya daina, ya ce Android 10 kawai. Amma mai Tecno yana ganin lambar HiOS, mai Samsung ta One UI, wato manhajojin da kamfanonin wayar ke ɗorawa a kan Android, kowace daban da ta Android ɗin da ke ƙarƙashi. Apple kuma a 2025 ya yi tsalle daga iOS 18 zuwa 26.

Da abin dariya ne kawai, amma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema ba su cika sharuɗɗan hawa 11 ba. Dattijon nan dai mai 10 ya ɗauka, don ita ce daidai aljihunsa.