Goge saƙo ba ya hana a ci gaba da cire maka kuɗi

Mutane da yawa sun daɗe da ɗaukar cewa idan suka goge saƙon tes na gasar da suka shiga ta waya, ko suka daina amsawa, shi ke nan an rabu. Ba haka abin yake ba.

Rajistar da aka yi maka lokacin da ka shiga gasar, wadda ta sa ake cire maka kuɗi, ba a cikin wayarka take ba. Tana can a kwamfutar kamfanin da ke gasar, a ɗaure da lambarka. Shi ya sa ko ka sauya waya, muddin layin nan ne, za a ci gaba da cirewa. Barin layin babu kati ma ba ya kashe ta: sau da yawa na'urar tana ta sake gwadawa, ranar da ka sa kati sai ta zare nata kafin ka kira kowa. Abin da ya fi damuna shi ne a wasu tsare-tsaren, a kan saƙon da ya shigo maka ake cajinka, ba wanda ka tura ba. Amsa ɗaya ga tambayar "ci kyauta" tana iya zama yardarka ga biyan kullum ko duk mako.

Kafin ka goge, buɗe saƙon farko ka karanta har ƙarshe, domin yawanci a can ƙasa ake rubuta yadda ake fita. Galibi kalmar STOP ake turawa ga gajeriyar lambar da ta aiko shi. Ka ajiye saƙon da ya tabbatar an cire ka. Idan bai zo ba, kira kamfanin layinka su karanto maka duk rajistar da ke kan lambarka, su soke.