Dokar INSPIRE: yadda Turai ta sa taswirorinta jin maganar juna

A ƙarshen shekarar 2003, masu gina gada a kan kogin Rhine, a garin Laufenburg, sun gano cewa ɓangaren Jamus da na Suwizalan sun saɓa da santimita 54 a tsayi. Jamus na auna tudu da kwari ne daga matakin teku na Amsterdam, Suwizalan kuwa daga na Marseille, kuma tsakaninsu akwai tazarar santimita 27. Injiniyoyin sun san da wannan tazara, sai dai wajen lissafi suka gyara ta a baibai, ta ninka. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma irin wannan ciwon kai ne ya sa tarayyar ta kafa dokar da ake kira INSPIRE, wadda ke daidaita bayanan taswira na ƙasashenta.

An zartar da ita ranar 14 ga Maris 2007, ta fara aiki ranar 15 ga Mayu, aka bai wa kowace ƙasa shekara biyu ta shigar da ita cikin dokokinta na gida. Damuwar farko ita ce muhalli. Ambaliya da gurɓataccen ruwa ba sa tsayawa a kan iyaka su nuna fasfo. Kogin Danube kaɗai yana ratsa ƙasashe goma, kuma idan kowacce na ajiye bayanan koginta da nata salon awo, mai hasashen ambaliya zai ɓata kwanaki yana daidaita alƙaluma.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da dokar ba ta nema ba. Ba ta ce a tara sababbin bayanai ba, ba ta kuma ce a kwashe na kowa a jibge a Brussels ba. Kowace hukuma ta riƙe kayanta. Wajibinta shi ne ta rubuta takardar shaida ga kowane kundin bayanai: wa ya tattara shi, yaushe, wane yanki ya shafa, yaya ingancinsa, wa ke da izinin amfani da shi. Sannan ta tsara shi bisa ƙa'ida ɗaya, har da ma'aunin wuri na bai ɗaya mai suna ETRS89, ta yadda titin da ya fito daga Faransa zai haɗu da kansa a taswirar Beljiyam. Daga nan ta buɗe ƙofa ta intanet inda za a nemo kundin, a duba shi, a sauke shi.

Fannoni 34 dokar ta lissafa, daga adireshi, iyakokin mulki, filaye masu rajista, hanyoyin sufuri da koguna, har zuwa gine-gine, nau'in ƙasar noma da wuraren da bala'i ke yawan afka wa. An rarraba wa'adin aikin mataki-mataki har zuwa 2021.

To, kyauta ne? Nemo bayanai kyauta ne ga kowa. Duba su ma a ƙa'ida kyauta ne, sai dai an bar kafar karɓar kuɗi a kan manyan bayanan da ake yawan sabuntawa. Saukewa kuwa, hukuma na iya cajin mai so. Gwamnati na kuma da ikon rufe ƙofa saboda tsaron ƙasa, shari'ar da ke gaban kotu, haƙƙin mallaka ko sirrin mutane. Har mazaunin wata dabba da ke gab da ƙarewa ana iya ɓoyewa don kada mafarauta su samu jagora.

A aikace tafiyar ba ta yi sauri ba. Ƙa'idojin fasahar suna da sarƙaƙiya, ƙananan hukumomi da dama ba su da ma'aikatan da za su iya, kuma bitar da Hukumar Tarayyar Turai ta yi a 2016 ta nuna ƙasashe da yawa sun makara. Batun kuɗin ma sai daga baya aka sake taɓa shi: wata ƙa'ida ta 2023 ta wajabta sakin wasu bayanai masu daraja, ciki har da adireshi, gine-gine da iyakokin mulki, kyauta ga kowa tun daga Yunin 2024.