Giyar hannu da giyar otomatik a ƙananan motoci masu gudu

Ƙananan motoci masu gudu wani aji ne na motocin da ake kira hacbak, wato gajerun motocin da but ɗinsu yake haɗe da ɗakin fasinja, ƙofar bayansu kuma take ɗagawa sama tare da gilashinta. Kamfani yakan ɗauki irin wannan mota ta zirga-zirgar gida, ya sa mata injin da ya fi ƙarfi, ya ƙara mata girman birki, ya tsaurara ƙafafunta, sannan ya sayar da ita da wani suna na daban. Volkswagen Golf GTI, Honda Civic Type R, Ford Focus ST, Hyundai i30 N da Toyota GR Yaris duk 'yan wannan aji ne. Abin da ya fi raba kan masu sayensu shi ne giya: ta hannu, wadda direbobi ke kira manuwal, ko kuwa otomatik. A Turai da Amurka gardamar ta fi karkata ga daɗin tuƙi da sauri. A Bauchi da Gombe kuwa, inda galibin irin waɗannan motoci tsofaffi ne da aka shigo da su, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, tambayar da ta fi nauyi ita ce: wace irin otomatik ce, kuma wa zai gyara ta ranar da ta tsaya?

Asali

Golf GTI ta farko ta fito a 1976 da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110, giyarta kuma ta hannu ce mai lamba huɗu. Ita ta buɗe wannan kasuwa sosai, har Peugeot ta biyo baya da 205 GTI a 1984. An yi shekaru da yawa ana ganin giyar hannu ce kaɗai ta dace da irin waɗannan motoci, kuma da dalili: otomatik ɗin wancan zamani lamba uku ko huɗu gare ta, ga nauyi, ga jinkirin canji, ga shi tana cinye wani kaso na ƙarfin inji kafin ya isa taya. Lamarin ya sauya a 2003, lokacin da Volkswagen ta sa giyabos mai kuloci biyu, wanda ta ba suna DSG, a cikin Golf R32. Daga nan ne otomatik ta fara tsere wa hannun direba.

Golf ba baƙuwa ba ce a arewa maso gabas. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ta daɗe tana jigilar fasinja tsakanin Bauchi da Gombe da Jos da garuruwan da ke tsakaninsu, kuma mafi yawanta giyar hannu ce. Wannan ya sa kanikawan yankin suka san giyabos ɗin hannu na Volkswagen ciki da waje, kamar yadda iyayen gidansu suka san na Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da.

Yadda kowacce take aiki

Giyar hannu ba ta da wani sirri. Direba ya taka kuloci, farantin kuloci ya rabu da fulawil, wato faifan ƙarfen da inji ke juyawa, ƙarfin inji ya yanke daga giyabos, ya zaɓi lambar da yake so, ya saki ƙafa. Abin da ke cinyewa shi ne farantin, kuma tsawon ransa yana ga ƙafar mai tuƙi. Wanda ya saba ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, ko riƙe mota da rabin kuloci a kan hawa, shi ke yawan zuwa gareji.

Otomatik kuwa suna ɗaya ne da ya rufe na'urori daban-daban, kuma a nan masu saye suka fi ruɗewa. Ta farko ita ce ta gargajiya, mai kombata, irin wadda ke cikin yawancin Camry da Corolla da Accord da suka cika titunan Najeriya. Asalinta ya koma ga Hydra-Matic ta kamfanin General Motors, wadda ta fito a motocin Oldsmobile na 1940. A irin mai kombata, wato na'urar da ke tsakanin inji da giyabos a madadin kuloci, man giya ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giyabos, shi ya sa motar take tashi a hankali ba tare da fizga ba, kuma tana jure tafiyar hawainiya a cunkoso. Na zamani suna da lamba shida zuwa goma, kuma kombatar tana kulle kanta da zarar mota ta miƙe, don haka asarar ƙarfin da aka san ta da ita a da ta ragu ƙwarai.

Ta biyu ita ce mai kuloci biyu, kuma ita ce ta mamaye ƙananan motoci masu gudu. Daga kujerar direba ba a bambanta ta da ta farko: feda biyu ne, ga P da R da N da D. A ciki kuwa tamkar giyabos ɗin hannu guda biyu ne a akwati ɗaya. Kuloci ɗaya yana riƙe da lamba 1 da 3 da 5, ɗayan yana riƙe da 2 da 4 da 6. Yayin da mota ke tafiya a lamba 3, an riga an shigar da lamba 4 a ɗaya ɓangaren tana jira, sai kawai wannan kuloci ya saki, wancan ya kama. Canjin yana faruwa cikin ƙiftawar ido, ƙarfi bai yanke ba. Wata na'ura da ake kira mekatronik, wadda ta haɗa kwamfuta da bawuloli masu aiki da matsin mai, ita ke taka kulocin a madadin direba.

Ita ma mai kuloci biyun iri biyu ce. Akwai wadda kulocinta ke cikin mai, kamar DQ250 mai lamba shida da ke cikin Golf GTI ta biyar da ta shida da farkon ta bakwai. Man yana sanyaya kulocin, don haka tana ɗaukar ƙarfi mai yawa, tana kuma jure zafi. Akwai kuma mai busasshen kuloci, kamar DQ200 mai lamba bakwai da ta fito a 2008, wadda aka tsara wa injunan da juyinsu, wato ƙarfin murɗawar da ake aunawa da Nm, bai wuce Nm 250 ba. Wannan iyaka ta fito fili a Polo GTI mai inji lita 1.8 ta 2014: mai giyar hannu an bar mata juyi Nm 320, mai DSG kuwa an rage shi zuwa 250 don kada ya fi ƙarfin giyabos. A 2013 Volkswagen ta yi kiranyen motoci kimanin miliyan 1.6 masu wannan giyabos domin canza musu mai, saboda matsalar lantarki da ke tasowa musamman a ƙasashe masu zafi da laima da yawan cunkoso. Ford ma ta sha ƙararraki a Amurka kan giyabos ɗinta na PowerShift mai busasshen kuloci da ke cikin Focus da Fiesta na gama-gari.

Akwai kuma CVT mai bel, wato otomatik ɗin da ba ta da tsayayyun lambobi, amma ba a cika sa ta a wannan aji ba.

Sauri da shan mai

A kan takarda DSG ce ke gaba. Golf GTI ta biyar, mai ƙarfin doki 200, tana kai kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 7.2 da giyar hannu, da DSG kuma 6.9, a lissafin kamfanin. Bambancin ya fi haka a hannun direban da bai ƙware ba, domin kwamfuta ba ta kuskuren lamba. Sai dai wannan tazara ba ta da wani tasiri a hanyar da iyakar gudun ƙananan motoci, bisa ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra, yake kilomita 80 a sa'a a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, 50 a cikin gari.

Batun shan mai ya ƙara ɗaukar hankali tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Tsohon zancen cewa otomatik ta fi shan mai gaskiya ne a kan masu lamba huɗu na da. Tsakanin DSG da giyar hannu kuwa kusan kunnen doki ne, ƙafar direba ce ke yanke hukunci.

A hanyoyin Bauchi da Gombe

Cunkoso shi ne babban makamin masu son otomatik. Wanda ke bi ta Wunti ko kasuwar Muda Lawal da yamma, ko Tashar Dukku a Gombe, yana kutsawa tsakanin Keke Napep da 'yan acaɓa, ya san yadda ƙafar hagu ke gajiya, kuma kulocin mota mai ƙarfi ya fi na ƙaramar mota tauri. To amma wannan cunkoson ne dai ke cin giya mai kuloci biyu. Idan direba ya saki birki kaɗan yana jan mota taku-taku, kwamfutar tana riƙe da rabin kuloci ne, farantin yana gogawa yana ɗaukar zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana yakan kai digiri 40, mai busasshen kuloci ita ta fi jin jiki. Dabarar da aka sani ita ce a taka birki sosai a tsaya, a bari ta gaba ta ba da fili, sannan a tafi gaba ɗaya. Mai kombata ba ta da wannan damuwa sosai.

A doguwar hanya lamarin ya sha bamban. Daga Jos, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, zuwa Bauchi da ke wajen mita 600, akwai gangara mai tsawo ta wajen Tilden Fulani da Toro, haka ma hawa da saukar yankin Kaltungo da Tula a kudancin Gombe. A irin wannan wuri ana so inji ya taya birki riƙe mota. Mai giyar hannu sai ya sauko lamba uku. Mai DSG ma yana iya haka idan ya tura sandar giyar zuwa gefe ko ya ja 'yan filafilan da ke bayan sitiyari, abin da da yawa ba su taɓa gwadawa ba tun da suka sayi motar. Al'adar sa mota a firi a gangara don tsimin mai, wadda ta yaɗu a tsakanin direbobin haya, ba ta da riba a injin zamani: idan mota na cikin giya kuma an ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar inji tana yanke fetur ne gaba ɗaya, alhali a firi dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Ga kuma birki da aka bar wa dukan nauyin.

Akwai wata al'adar da ke cutar da mai giyar hannu shi kaɗai. Injunan wannan aji yawancinsu masu tobo ne, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, kuma masu ƙera su sun fi son a sa musu fetur mai lambar oktan 95 ko sama, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi a cikin inji, alhali gidajen mai a nan fetur iri ɗaya suke sayarwa. Direban da ya hau lamba shida tun mota ba ta ɗauki gudu ba, sannan ya danne totur don ya wuce tirela, yana matsa wa injin a daidai inda ya fi saurin yin ƙwanƙwasa. Otomatik da kanta take saukowa lamba kafin ta ja.

Idan mota ta mutu a daji, misali tsakanin Alkaleri da Gombe, giyar hannu ce ke da sauƙin kai. Batir ya yi sanyi, sai a tura ta ta tashi. Otomatik kowace iri ba ta tashi da turi. Jan ta da igiya ma yana da sharaɗi, domin famfon man giyabos ba ya aiki idan inji a kashe yake; littafin Volkswagen ya taƙaita jan mota mai DSG ga gudun kilomita 50 a sa'a da nisan kilomita 50. Abin da ya wuce haka sai a ɗora ta a babbar mota.

Gyara

A nan ne hukuncin yake faɗuwa ga mafi yawan masu saye a yankin, kuma giyar hannu ce ke da rinjaye. Canza farantin kuloci aiki ne da kusan kowane gareji ke yi, ko da yake yawancin waɗannan motoci suna da fulawil mai ɓari biyu, wanda ke da tsada idan ya lalace. DSG kuwa tana buƙatar bakaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota, domin bayan an canza kuloci ko mekatronik sai an sake koya wa giyabos inda kulocin yake kamawa. Masu wannan ƙwarewa ba su kai masu gyaran otomatik ɗin Toyota yawa ba, kayan ma sau da yawa sai an aiko daga Kano ko Legas.

Babban abin da ke kashe DSG shi ne mai. Irin mai jiƙaƙƙen kuloci tana son a canza mata mai da matata duk kilomita 60,000, kuma manta na musamman ne. Jan man nan na otomatik da ake zuba wa Camry bai dace da ita ba, komai rantsuwar mai shagon. Motar da ta zo daga waje ba tare da takardar tarihin sabis ba, gara a ɗauka ba a taɓa canza mata ba, a fara da shi.

Wajen gwaji kafin saye, ana tayar da mai DSG tun tana da sanyi, a kuma sake gwada ta bayan ta yi zafi. Karkarwa wajen tashi, bugu idan za ta sauko daga lamba biyu zuwa ɗaya, jinkirin kama ribas, ko haruffan giya suna ƙyaftawa a dashbod, duk alamu ne na kashe kuɗi. Mai giyar hannu kuwa a sa ta a babbar lamba a danna totur: idan ƙarar inji ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Wannan ya fi yawa a motocin da masu su na farko suka ƙara wa inji ƙarfi ta kwamfuta, domin kulocin kamfani ba ya ɗaukar ƙarin, yayin da DSG mai jiƙaƙƙen kuloci takan jure.

Sai kuma lissafin gida. Motar da uwargida ko ƙane zai riƙa ɗauka, wanda ya koyi tuƙi a otomatik, giyar hannu takan zame mata cikas, haka nan ranar sayarwa, don masu neman otomatik a cikin gari sun fi yawa yanzu.

Halin da kasuwa take ciki

Sababbin motoci masu giyar hannu suna ƙarewa, saboda dokokin hayaƙi na Turai da raguwar masu saye. Renault Clio RS ta 2013 da Mercedes A45 AMG ta wannan shekarar sun fito da giya mai kuloci biyu kaɗai. Volkswagen ta daina sa giyar hannu a Golf GTI da sabuntawar 2024, Ford kuma ta rufe Fiesta baki ɗaya a 2023. Honda ce ta tsaya a kan bakanta: tun daga 1997 ba ta taɓa fitar da Civic Type R mai otomatik ba. Toyota ta fara GR Yaris mai tobo a 2020 da giyar hannu zalla, sai a 2024 ta ƙara otomatik mai lamba takwas, kuma mai kombata ta zaɓa. Tun da kasuwar Bauchi da Gombe tana cin abin da Turai da Amurka suka yi amfani da shi shekaru goma ko fiye da suka wuce, wannan sauyi zai iso ne a makare. Mai nema daga Ingila ko Japan kuma sai ya lura da ɓangaren sitiyari: motocin can na dama ne, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta amince da mota mai sitiyari a dama ba.