Mai Horaswa, Ka Yi Tambaya Kafin Ka Ɗora wa Mutum Ƙarfe

Wani saurayi ya taɓa zuwa wurinmu a asibiti, cinyoyinsa sun kumbura sun sandare, ko tsuguno ba ya iyawa. Abin da ya tayar masa da hankali har ya zo shi ne fitsarinsa, wanda ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Kwana biyu kafin nan ya shiga ɗakin motsa jiki karon farko a rayuwarsa. Mai horaswa ya aza masa ƙarfe a kafaɗa, ya sa shi tsuguna-tashi har ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, duk sanda ya ce ya gaji sai a ce masa namiji ba ya raki. Kwanaki ya yi a kwance ana ƙara masa ruwa, ana auna jininsa safe da yamma, don a tsirar da ƙodarsa.

Ga abin da ya same shi. Idan aka matsa wa tsoka fiye da abin da ta saba, ƙwayoyinta kan farfashe su zubar da abin cikinsu a jini. Daga ciki akwai sinadarin da ake kira mayogulobin, shi ne ke rina fitsari, shi ne kuma ke toshe ƙananan hanyoyin ƙoda. Kada a ɗauka sabon shiga kaɗai abin ke kamawa. A watan Janairun 2011 'yan wasa 13 na ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta Jami'ar Iowa suka kwanta asibiti da wannan ciwo, bayan wani atisaye mai tsanani da aka ba su da dawowarsu daga hutu. Ƙarti ne majiya ƙarfi, amma hutun ya sauke jikinsu daga inda ya saba.

Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma da ina da iko da na sa kowane baligi ya samu mai horaswa nagari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, sannan ya ware aƙalla kwana biyu a mako don ƙarfafa manyan tsokokin jiki. Wanda ya kai shekara 65, a haɗa masa da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don kada ya riƙa faɗuwa. Mutane sun riƙe na farkon, suna tattaki suna sassarfa, na biyun kuwa sun bar wa samari masu son ƙwanji. Alhali daga shekara 30 tsoka take fara zaizayewa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma bayan 60 abin yana ƙara sauri. Dattijon da sai an kama shi yake tashi daga kujera, sau da yawa cinyarsa ce ta ƙare.

Akwai binciken da nake yawan ba tsofaffi labarinsa. A 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a Boston. Mutum goma suka ɗauka, 'yan shekara 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa tsawon mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici. Tsoka tana amsa kira ko a shekara casa'in. Saboda haka kai mai horaswa, aikin da ke hannunka aikin lafiya ne, ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma wanda ya riƙe lafiyar mutum dole ya fara da tambaya.

Ranar farko ranar zama ce da takarda da alƙalami. Likita ya taɓa ce maka kana da ciwon zuciya ko hawan jini? Ƙirjinka yana ciwo idan ka yi aiki, ko ma kana zaune? Jiri ya taɓa kayar da kai? Wane magani kake sha kullum? Akwai gaɓar da ke damunka? An taɓa yi maka tiyata? Idan mace ce, tana da juna biyu, ko ba ta daɗe da haihuwa ba? A Kanada aka tsara wata 'yar takarda mai tambaya bakwai da ake kira PAR-Q don wannan aiki, minti biyar ya isa a cike ta. Wanda ya amsa da e a kan ƙirji, jiri ko zuciya, ka tura shi wurin likita tukuna, ko da yana gaggawa, ko da kana tsoron ya koma wurin wani.

Tambaya ɗaya da ake yawan mantawa ita ce ta nau'in jini, wato ko mutum na ɗauke da ƙwayar sikila. Mai ɗauke da AS lafiyarsa ƙalau, yana wasa, yana cin gasa, ba a hana shi komai. Sai dai idan aka haɗa masa gudu mai tsanani ba hutu, ga zafi, ga ƙishirwa, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe hanyar jini, ya faɗi cikin 'yan mintuna. Mace-macen da aka samu ta haka ne suka sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman a yi wa 'yan wasan babban rukuninta gwajin sikila daga 2010. Irin wannan ɗan wasa, idan ya ce ƙafarsa ta mutu ko numfashi na gagararsa, a tsayar da shi nan take. Mai hawan jini kuma a koya masa fitar da numfashi yayin da yake tura nauyi, domin riƙe numfashi a yi nishi yana cilla jini sama ƙwarai. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, ka san alamun faɗuwar suga: karkarwa, zufa mai sanyi, ruɗewa.

Bayan tambaya sai ƙari sannu-sannu, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar gaba ɗaya. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya kafa wannan a fannin likitanci a 1945, lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ga cewa idan aka ba gaɓar da ta raunana nauyin da za ta iya ɗagawa sau goma, aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, tana dawowa da sauri fiye da yadda aka saba gani. Daga aikinsa ne aka samo tsarin nan na sau goma, zagaye uku, da kowa ke yi yau. Ka lura, a kan majinyata aka gina shi. Ƙarfin da sabon shiga ke samu a makonnin farko, yawancinsa jijiyoyi ne ke koyon sarrafa tsokar da ke akwai; girman tsoka sai an yi makonni kafin ido ya gani. Igiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi tsoka jinkirin ƙarfafa. Shi ya sa mai gaggawa kan ji ƙarfi ya zo, ya ƙara ƙarfe, sai kafaɗa ko gwiwa ta ba da kai. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fitar da shi. Ka rubuta abin da kowa ya ɗaga a kowace rana, ka bar wa tsokar da ta sha aiki kamar awa 48 kafin ka sake matsa mata. Tsamin jiki da ke zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku ba komai ba ne, yana wucewa. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko mai saukowa ƙafa da mutuwar fata, wannan na asibiti ne.

Horar da ɗan wasa daban yake da horar da ma'aikacin ofis mai shekara 50. A 1969 Jami'ar Nebraska ta ɗauki Boyd Epley aikin ƙarfafa 'yan wasanta, a zamanin da masu horaswa ke tsoron ƙarfe zai sa ɗan wasa nauyin jiki. Ƙungiyar jami'ar ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta ci kofin ƙasa a 1970 da 1971, shi kuma ya kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, NSCA, a 1978. Abin da ake auna kocin ƙarfi da shi a wurina shi ne 'yan wasa nawa ne ke tsaye da ƙafarsu a ƙarshen kaka. Akwai atisayen da ake kira Nodik: ɗan wasa ya durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya. Bincike da aka tattara ya nuna yana rage tsagewar wannan tsoka da kusan rabi, kuma ba ya buƙatar na'ura ko ɗaya.

Sai maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka, sitiroyid. Mai horaswar da ke miƙa wa yaro wannan ya ci amana. Jiki yana ganin sinadarin namiji ya shigo daga waje sai ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta gagara, nono ya fito wa namiji, hanta ta lalace, tsokar zuciya ta yi kauri. Mace kuma muryarta ta buɗe, gashi ya fito mata a fuska, wani sauyin ba ya komawa. Ben Johnson na Kanada ya ci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988 cikin daƙiƙa 9.79, kwana uku bayan haka aka ƙwace zinaren saboda an samu sitiroyid a fitsarinsa. A dokar hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, wadda aka kafa a 1999, ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko wa ya ba shi.

Ka san iyakarka. Ba aikinka ba ne faɗin sunan ciwo, ko ce wa mutum ya ajiye maganin hawan jini tunda yanzu yana motsa jiki. Abin da ya wajaba ka iya shi ne taimakon gaggawa. Ranar 12 ga Yunin 2021 zuciyar ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen ta tsaya yana tsakiyar wasan Denmark da Finland a Copenhagen; danna ƙirji da na'urar farfaɗo da zuciya a cikin filin ne suka dawo da shi, har ya koma buga ƙwallo a 2022. Ka koyi danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda zafi ya buge har ya fara sambatu, a tsoma shi a ruwan sanyi a wurin kafin a ɗauke shi zuwa asibiti.

Ku kuma 'yan'uwa masu neman wanda zai horar da ku, ku tambaye shi inda ya yi karatun aikin, ku nemi ganin takardar shaidarsa. Ku lura ko idonsa na kanku lokacin da kuke ɗaga nauyi ko yana kan waya. Ku gaya masa gaskiyar ciwonku da magungunanku, kada kunya ta sa ku ɓoye. In kuma bayan atisaye kuka ga fitsari ya yi duhu, tsoka ta kumbura tana zogi fiye da kima, ku tafi asibiti a ranar, ku ce wa likita a duba muku ƙoda.